Daga digiri 78 zuwa kan titi: yadda wani mahayin keke ya koma sirdi bayan an sauya masa gwiwa

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa yana da shekara 62 lokacin da aka yi masa tiyata. Tun yana ɗan shekara talatin da 'yan kai yake hawa keke don sha'awa, a mako yakan ci kilomita 80 zuwa 100, mafi yawa tare da wasu abokai da suke fita a ƙarshen mako. Yana da ciwon suga, irin wanda ake riƙe shi da ƙwayoyi, nauyinsa kuma kilo 88.

Gwiwar dama ce ta fara ba shi matsala, shekara shida kafin tiyatar. Amosanin gaɓɓai ne, wanda guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa yake zaizayewa a hankali har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Ciwon ya fara hana shi tafiya mai nisa, sannan saukowa daga bene, daga baya ya hana shi barci. Keke ne abu na ƙarshe da ya ƙwace masa, kuma akwai dalili. An auna nauyin da ke sauka a kan gwiwa ta hanyar dasa wa wasu majinyata gwiwoyi masu na'urar awo a ciki: a tafiyar ƙasa nauyin yakan ninka na jikin mutum sau biyu zuwa uku, a gudu ya kai sau huɗu, amma a kan keke da kaɗan yake wuce nauyin jiki.

An gwada abin da aka saba gwadawa: magungunan rage raɗaɗi, abin ɗaure gwiwa, da allurar sitiroyid, maganin rage kumburi, cikin gaɓar har sau biyu. Ta farko ta ba shi sauƙi na kusan wata biyu. Ta biyu ko mako uku ba ta kai ba, ga shi ta tayar masa da suga na 'yan kwanaki. Wata 14 kafin tiyata ya jingine keken gaba ɗaya.

A awon da aka yi masa kafin shiga tiyata, gwiwar tana lanƙwasuwa zuwa digiri 105, kuma saura digiri 10 ta miƙe sambal. Gwiwa a miƙe ita ce digiri 0, zama a kan kujera yana neman wajen 90, lafiyayyar gwiwa kuwa tana kaiwa 135 ko 140. Don feda ta zagaya cikakken zagaye a kan keke irin wanda aka saba, ana neman wajen 110. Da likitan ƙashi ya tambaye shi abin da yake fata daga aikin, abu ɗaya ya ce: "Likita, keken nan kawai."

Fabrairu: tiyata da mako biyun farko

An kashe masa jiki daga ƙugu zuwa ƙasa da allurar gadon baya. Likita ya yanke siririn bakin ƙashin cinya da na ƙwauri inda suka lalace, ya rufe su da ƙarfe, ya sa faifan roba mai tauri a tsakaninsu. Aikin ya tafi daidai. Washegari aka tsayar da shi da abin dogarawa, rana ta uku aka sallame shi, gwiwar tana digiri 70.

A gida abubuwa uku suka haɗu. Maganin raɗaɗi mai ƙarfi da aka ba shi yana sa shi tashin zuciya da taurin ciki, sai ya rage shi da kansa, bai faɗa wa kowa ba. Ƙasan ɗinkin ya riƙa tsattsafo da ruwa, abin da ba baƙo ba ne ga mai ciwon suga, don haka aka ce ya sassauta lanƙwasawa na kwana goma kada bakin ciwon ya buɗe. Da dare kuma, don ya samu ya runtsa, yakan tura matashi ƙarƙashin gwiwar, ta kwana a ɗan lanƙwashe.

Rana ta 14 aka cire ƙarafan ɗinkin. Ciwon ya kame. Lanƙwasawa ta koma digiri 65, miƙewa kuma saura 12.

Mako na 3 zuwa na 8: matsi

Da aka sakar masa mara, sai ya shiga motsa gwiwar da ƙarfin tsiya don ya cike giɓin kwanakin da ya rasa. An ba shi atisaye sau uku a rana, shi kuwa ya mayar da shi zama biyu masu tsawo, kowanne kusan awa ɗaya. Yakan zauna a bakin gado, ɗansa ya tura ƙafar baya har sai gumi ya karyo masa. Ya yi hayar na'urar nan da ake ɗora ƙafa a kai tana lanƙwasa ta tana miƙewa da kanta, ya yi mako biyu yana kwanciya a kanta. Ma'auni bai motsa ba.

A mako na 4 ya hau keken motsa jiki na cikin ɗaki. Feda ta zo sama ta tsaya cak. Ya ɗaga ƙugun dama, ya danna da ƙafar hagu, ya tilasta mata wucewa. Da daren nan gwiwar ta cika tam. Likitar fisiyo, wato mai kula da atisayen farfaɗo da gaɓɓai, ta auna kewayenta da tef a tsakiyar ƙoƙon gwiwa, ta fi ta hagu da santimita 4. Sai da ta ɗauki kwana shida kafin ta sauka zuwa inda take a da.

Haka aka yi ta yi: ya matsa, ta kumbura, ya huta dole, ya dawo ya sake matsawa. Yadda shi da kansa ya kwatanta shi ne kamar an ɗaure masa gwiwar da bel an ja har ramin ƙarshe. Tsokar gaban cinyarsa ta motse, idan yana zaune ya ɗaga ƙafar don ya miƙe ta, sai ta tsaya saura digiri 15 ban da wanda gaɓar ta riga ta rasa, duk da cewa idan an ɗaga masa da hannu tana ƙarasawa.

A mako na 7 lanƙwasawa tana digiri 78. Likitan ƙashi ya sa aka bincika abubuwan da suka fi haɗari tukuna. Hoton jijiyoyin jini bai nuna gudan jini ba. An yi gwajin jini na alamun kumburi, an zuƙo ruwa daga gaɓar an duba, babu ƙwayoyin cuta. Hoton ƙashi ya nuna ƙarafan suna zaune daidai, girmansu daidai. Abin da ya rage shi ne ƙagewar gaɓa saboda tabo na ciki: jiki ya yi ta saƙa nama mai tauri a kewayen sabuwar gwiwar fiye da kima, har ya manne sassan da ya kamata su riƙa zamewa a kan juna.

Mako na 9: lanƙwasawa ƙarƙashin allurar barci

Likitan ya ba da shawarar a sa shi barci a lanƙwasa gwiwar da hannu don a tsinka tabon. Ba a yanka komai a wannan aiki. An fi yin sa cikin mako 12 na farko, tun tabon bai gama tauri ba, kuma an bayyana masa haɗarinsa: ƙashi na iya karyewa kusa da ƙarfen, ko jijiyar ƙoƙon gwiwa ta tsinke, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba. Ya amince.

A kan gadon tiyata gwiwar ta kai digiri 120. Bayan kwana uku, da kumburi ya dawo, ta tsaya a 95.

Daga nan likitar fisiyo ta sauya tsarin gaba ɗaya. Da ta ji labarin rage maganin da ya yi, ta koma wurin likita aka sauya masa wanda cikinsa ke ɗauka, aka tsara ya riƙa sha minti 30 zuwa 40 kafin atisaye. Zaman awa ɗaya ya zama minti biyar zuwa bakwai, sau shida a rana. Bayan kowanne, ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15, ƙafar a ɗage sama da ƙirji. Matashin ya bar ƙarƙashin gwiwa ya koma ƙarƙashin diddige, don nauyin ƙafar da kansa ya riƙa miƙar da ita. An sallami ɗansa daga aikin turawa.

Ta kuma kafa masa doka ɗaya. "Baba, ba abin da ka yi yau zan duba ba, gwiwar gobe da safe zan duba. In ta fi ta yau girma ko zafi, jiya ka wuce gona da iri." Ta ba shi tef ɗin awo da littafi, ya riƙa rubuta kewayen gwiwar kowace safiya kafin ya sauko daga gado.

Ga tsokar cinya kuwa, aka haɗa atisayen da na'urar da ke motsa tsoka da lantarki ta fatar jiki. Bayanin da ta yi masa shi ne, ruwan da ke cikin kumburarriyar gaɓa yana sa jijiyoyi su rage saƙon da ke zuwa tsokar, mutum ya yi niyyar matse ta amma rabinta kawai ta amsa. Ko a tiyatar da ba ta zo da tangarɗa ba, wannan tsoka takan rasa fiye da rabin ƙarfinta a watan farko.

Ƙarshen mako na 12: lanƙwasawa 100, miƙewa saura 5, bambancin kewaye santimita 2.

Wata na 3 zuwa na 5: keken ɗaki da tsawon hannun feda

Ya koma kan keken ɗaki, amma ba don zagaye ba. An ɗaga sirdin, an cire duk wani nauyi daga fedar, aka ce ya riƙa lilo da ita: ya tura gaba har inda gwiwar ta ce tsaya, ya ƙirga biyar, ya dawo baya har inda ta sake cewa tsaya. Minti biyar. Kusan mako uku yana wannan kafin wata safiya feda ta wuce sama ta baya, ba tare da ya ɗaga ƙugu ba. Zagayen baya yakan riga na gaba zuwa. Na gaba ya ƙi samuwa sai da ɗan karkacewa, kuma gwiwar ta tsaya tsakanin digiri 102 da 105 har mako biyar.

A nan ne wani cikin abokan hawansa, wanda ya san gyaran keke, ya zo duba shi ya ga yadda yake fama. Ya duƙa ya karanta lambar da ke bayan hannun fedar, wato ƙarfen da ya haɗa feda da tsakiyar keken. Milimita 175 ne, daidai da na kekensa na titi. Kekunan manya mafi yawa da 170 zuwa 175 suke zuwa, ba tare da an tambayi gwiwar mai hawa ba.

Lissafin da abokin ya yi masa mai sauƙi ne. Idan aka rage hannun da milimita 25, feda ba za ta sauka ƙasa kamar da ba, don haka dole a ɗaga sirdi da milimita 25 don ƙafa ta miƙe yadda ta saba. A sama kuwa fedar ta riga ta yi ƙasa da milimita 25, ga sirdin ya hau da wasu 25. Ke nan a daidai wurin da gwiwa ta fi lanƙwasuwa, tazarar da ke tsakanin ƙafa da sirdi ta ƙaru da milimita 50. Santimita biyar a wannan wuri digiri da yawa ne.

Suka samo wani ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin hannun feda, mai ramuka da ke ba da damar matso da fedar ciki. Suka sa ta a 150. A hawan farko feda ta zagaya gaba sumul. Ya yi minti huɗu ya sauka, washegari tef bai nuna ƙari ba. Cikin mako shida ya kai minti 25, yana juya feda sau 70 zuwa 80 a minti da ɗan nauyi kaɗan. Ƙarshen wata na 5 gwiwar ta kai digiri 108, miƙewa saura 3, kuma yana iya ɗaga ƙafar ya miƙe ta da ƙarfin kansa.

Wata na 6: fita ta farko

Likitan ƙashi ya ba shi izinin hawa a waje, a wuri mai shimfiɗa. Ya sauko da tsohon kekensa yadda yake: hannun feda 175, feda mai kama takalmi wadda sai an murɗa diddige waje kafin ƙafa ta fita, da giyar keken da ya saba da ita tun gwiwa na gwiwa. Abu ɗaya ya taɓa, ya ɗaga sirdin da santimita 3 don feda ta wuce sama. Ya bi abokansa.

Kilomita takwas na farko sun tafi, ko da yake ƙugunsa yana ta rangaji hagu da dama saboda tsayin sirdin, bayan gwiwar kuma ya fara ja. Sai suka zo wani ɗan hawa. Giyar ta yi masa nauyi, ya so ya miƙe tsaye a kan feda kamar yadda ya saba, cinyar ta ƙi. Keken ya rage gudu har ya tsaya. Ya murɗa diddigen dama don ya fitar da ƙafa, zafin murɗawar ya sa ya fasa, kafin ya juya ga ta hagu ya riga ya tafi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, in ji matarsa da aka kawo shi gida, amma hoton ƙashi ya nuna babu abin da ya karye: ta ɓangaren hagu ya faɗi, ya kurje gwiwar hannu da ƙugu. Likitan ya gaya masa a fili cewa da ta dama ya faɗi, karaya kusa da ƙarfen gwiwa aiki ne da ya fi tiyatar farko wuya.

Gwiwar ta kumbura kwana goma. Kumburin ya sauka, tsoron bai sauka ba. Mako biyar bai taɓa ko keken ɗaki ba, lanƙwasawa ta koma 104. Abokan sun ci gaba da kiransa a waya, ya daina ɗauka.

Wata na 8 zuwa na 12: an gyara keken

Likitar fisiyo ba ta ce masa komai game da titi ba. Ta mayar da shi keken ɗaki, ta ƙara masa hawa da sauka a kan matakala ɗaya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba. Sai da ya iya tsayuwa daƙiƙa 30 a kan ƙafar dama, ya kuma sauko daga matakala a hankali ba tare da ta sake ba, sannan aka sake tayar da maganar.

Abokin nan mai gyara ya ɗauki keken. Ya sa hannun feda mai milimita 155. Ya cire feda mai kama takalmi ya sa shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, wadda ƙafa za ta zauna yadda ta ga dama ta kuma sauka nan take. Ya sauya giya, ya sa masa mai sauƙin da zagayen feda ɗaya yake ba da zagayen taya ɗaya. Tsayin sirdi kuma da ma'auni aka daidaita shi, yadda gwiwa za ta kasance a lanƙwashe da digiri 25 zuwa 30 idan feda tana can ƙasa, ba a miƙe tsaf ba. Ya ɗan ɗaga kan keken don kada cinya ta matsu da ciki.

Fita ukun farko ba tafiya ba ce. A wani fili da ba motoci ya yi su, da hular kwano a kansa, yana koyon abin da yaro ke koya: tashi, taka birki, sauke ƙafar hagu, tsayawa, sake tashi. Ya karkato da keken sosai kafin ya ɗaga ƙafa ya haye, maimakon jefa ta ta saman sirdi. Daga nan minti 15, sau uku a mako, shi kaɗai, a hanya mai shimfiɗa, da kwana ɗaya na hutu a tsakani. Lokaci yake ƙarawa, minti biyar a mako, bai damu da kilomita ba. Sau biyu tef ya nuna ƙarin santimita ɗaya da safe, duka biyun ya koma adadin mintocin makon da ya wuce.

A wata na 10 ya kai awa ɗaya. Hawa ne ya rage. Ya ari keke mai batir wanda ke taimaka wa feda, bayan ya daɗe yana cewa wannan ba keke ba ne. Da shi ya koma bin abokansa a hanyoyi masu tudu, nasa kuma ya bar shi ga shimfiɗa. Ƙarshen wata na 12: lanƙwasawa 111, miƙewa saura 2.

Wata na 18: inda aka tsaya

Lanƙwasawa 112, kuma ta daina ƙaruwa tun wata na 13. Yana yin kilomita 55 zuwa 60 a mako, tafiyarsa mafi tsawo 45. Ƙananan tudu yana hawa da kekensa a zaune, cikin giya mai sauƙi. Tsayuwa a kan feda ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Durƙuso a kan gwiwar yana yi masa wuya, fatar gefen waje na tabon a dushe take saboda wata ƙaramar jijiya da akan yanke yayin buɗe wurin, kuma gaɓar tana ɗan ƙara idan ƙarfe ya taɓa roba. Likitan ya ce duk waɗannan an saba ganinsu. Zafin da ke hana barci ya tafi.

Da ya tambaya ko keken zai cinye robar da wuri, likitan ya ce keke yana cikin motsa jikin da ake ba masu sabuwar gwiwa shawarar yi, ya kuma ambata masa babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019, wanda ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba.

Abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

Wani ɓangare na wahalar nan da shi ya shiga ɗakin tiyata. Abin da ya fi nuna yadda gwiwa za ta lanƙwasu bayan aiki shi ne yadda take lanƙwasuwa kafinsa, shi kuwa da 105 ya zo, da ciwon suga wanda ke ƙara yiwuwar ƙagewa, da cinyar da ta yi wata 14 ba ta juya feda ba. Tsattsafowar ɗinkin ma ba laifin kowa ba ne.

Mako shida na matsi kuwa a ganina su suka fi komai tsada. Mahayin keke ya saba da zafin da ake cije haƙora a wuce shi, kuma a kan tudu wannan ɗabi'a tana biya. Zafin gaɓar da aka yi wa tiyata dabam ne. Kowace tilastawa kumburi take haifarwa, kumburin ya kashe tsokar cinya ya kuma ciyar da tabon da ake ƙoƙarin karyawa. Rage magani a ɓoye ya ƙara dagula lamarin, domin gwiwar da ke zafi tsokokinta riƙe ta suke yi. Na'urar da ya yi haya ba ta cutar ba, amma nazarce-nazarcen da aka tattara a kanta sun nuna amfaninta bai taka kara ya karya ba.

Lanƙwasawar mako na 9 ta zo a kan lokaci, kuma ba don ita ba da wuya ya wuce 90. Sai dai digiri 120 na kan gado ba su zauna ba. Abin da ya riƙe 95 ya kai ta 108 shi ne gajerun zama, ƙanƙara, da tef ɗin safiya, wanda ya ɗauke hukunci daga hannun zuciyarsa ya miƙa wa lamba.

Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Wata biyar ana ƙoƙarin kai gwiwar inda keken yake so, babu wanda ya duba ko keken zai iya matsowa. Likitan ƙashi ƙarfen yake dubawa, likitar fisiyo tsoka da digiri, sai wanda ya san hannun feda ne ya ga santimita biyar ɗin. Faɗuwar wata na 6 ma daga nan ta fito: an ba da izinin hawa, ba a tambayi wane keke ba, shi kuma ya bar 150 a ɗaki ya hau 175 a titi. Da gwiwa mai digiri 112 da tsohon kekensa yadda yake, har yau da ƙyar zai riƙa wuce sama.

Gwiwar hagu ta fara nuna irin alamun da ta dama ta fara da su. An auna ta a wata na 18, tana digiri 125, tana miƙewa sambal. Likitar fisiyo ta ba shi atisayen riƙe wannan adadi, likitan ƙashi kuma ya ce ko da za a kai ga tiyata, kada ya jingine keken sai makon da za a yi ta.